Wanne Ya Fi, Ikrima?

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan su Ikrima, a wani lungu da ba shi da nisa da rijiyar Kusugu. Yawancin abin nan a kan idona aka yi shi, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Ikrima ɗan acaɓa ne. Wata motar hatsi ta kwashe shi a hanyar Katsina, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba. Ranar da aka sallamo shi, nas ɗin ya riƙe hannun yayansa Maliki a bakin mota ya ce masa, "Ku dinga juya shi. Safe, rana, yamma, duk sanda kuka tuna. Ba karayar ce ke kashe irinsu ba, kwanciya a gefe ɗaya ce." Maliki ya ce in Allah ya yarda.

Aka kwantar da shi a shagonsa na samartaka, wanda ƙofarsa ke kallon lungu. Da farko 'yan dubiya har layi suke yi. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Maliki yana da shagon cajin waya a tasha, da sassafe yake fita. Mahaifiyarsu, Inna, ko bokitin ruwa ba ta iya ɗagawa. Zubaida kuwa matar Maliki ce, ta dafa ta wanke, amma ba za ta kama jikin ƙanin mijinta ba zani ya zame. Ikrima ya koma kallon rufin kwano.

Sylvanus ne ya canza abin, wani mai sayar da kayan babur wanda Ikrima ya daɗe yana ciniki a wurinsa. Wata rana ya shigo da tsohuwar kwamfuta ta hannu a cikin buhun shinkafa, gefenta a fashe an ɗaure da salatif.

"Direba, ta ɗan ƙanwata ce, ya sayi sabuwa ya jefar min da wannan. Akwai wasanni uku a ciki, ya ce sun girme shi. Kai ka yi sakandare, kana jin Turanci. Ka kashe dodanni, ya fi ka kashe kanka da tunani."

Ba a yi wata guda ba shagon ya cika. 'Yan acaɓa abokansa suka mayar da wurin majalisa, su ajiye babura a inuwa su shigo kallo. Wasan ba ya yiwuwa sai Ikrima ya yi rub da ciki da matashi a ƙirjinsa, don haka sai su kifa shi. In wuyansa ya gaji su mayar da shi gefe, in za a ci abinci su jingina shi da bango. Wani ya fita da fo, wani ya kai kwamfutar shagon Sylvanus a yi mata caji da janareto. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin jinya. Ni kaina nakan leƙa in na taso daga kasuwar hatsi, in tarar ana musu kamar a gidan ƙwallo. Fatar bayansa kuwa sumul, na gani da idona.

Wata Laraba bayan la'asar sai ga Maliki ya dawo da wuri, da balangu a takarda. Samarin suka ba shi wuri suka fita. Ni na yunƙura zan tashi ya ce, "Zauna mana, Baba Ya'u, ai kai na gida ne." Ya cire takalmi ya zauna a bakin katifa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"To, Auta, yau na zo a koya min. Wasannin nan naka uku, wanne ya fi?"

Ikrima ya dube shi, ya dube ni, ya yi dariya. "Yaya, da gaske?"

"Da ƙarya na sayo nama?"

Sai bakin Ikrima ya buɗe. Ya ce sunayensu na Turanci suna da wuyar faɗa, shi ya raɗa musu nasa. Na farko Rami.

"Shi wannan babu dogon zance. An ba ka takobi, ka sauka ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, kana sara. Duk abin da ya motsa ka sare shi, ka kwashe abin da ya zubar, ka hau sama ka sayi takobin da ya fi naka, ka koma. Kamar cin gyaɗa ne, ba ka ƙoshi kuma ba ka dainawa. Amma in ka rufe, ba abin da za ka tuna."

"Wanda ba ya jin Turanci zai iya shi?"

"Ko jaki zai iya, in yana da yatsa."

Maliki ya yi dariya har da buga cinya. "Na biyun fa?"

"Kufai. Wannan duniya ce ta ƙone, garuruwa sun zama kango, kai kaɗai kake yawo da tsohuwar bindiga. Yana da hankali ƙwarai. Za ka iya wuce mutum da harsashi, za ka iya wuce shi da daɗin baki, kuma abin da ka yi a gari ɗaya sai ya riga ka isa na gaba. In don gwaninta ne, waɗanda suka yi shi sun fi sauran. Sai dai ba na son sa da yawa. In na daɗe a ciki sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, babu wanda ke yi maka sannu."

"Yana cin batir?"

"Duk ɗaya suke. Bari ka ga na ukun, Yaya, nan maganar take."

Ya buɗe shi. Wasu 'yan mutane ƙanana suka fito a tsaye a bakin wata kasuwa. Ya ce sunansa Ayari. A nan kai ne za ka ƙera mutuminka, ka zaɓar masa sana'a, ka sa masa suna. Nasa mayaƙi ne, ya sa masa Ɗan Acaɓa. A hanya mutane suna biyo ka, kowa da halinsa da abin da ya baro a gida.

"Ka ga wannan dogon? Ɓarawo ne, amma in babu shi ba ƙofar da za ta buɗu. Wannan tsohuwar maharbiya ce, ba ta shiri da shi, kullum faɗa, sai na raba. In na yi zalunci a wani gari za ta ce min ta fasa tafiyar, kuma wallahi tafiya take yi, sai da na sake komawa baya na gyara. Wannan mai hular boka ne, shi ke jefa wuta."

"Kai kake ba shi umarni ya jefa?"

"Ni mana. In danna nan."

"In an kashe ɗaya fa?"

"Sai mu ɗauke shi mu kai wani ɗakin bautarsu, a yi masa abin da za a yi, ya tashi."

"Ya mutu ya tashi?"

"Ya tashi garau, har ya ci gaba da rashin kunya."

Maliki ya gyaɗa kai a hankali. "To wanne ka zaɓa?"

"Ayari, ko tantama babu. Rami ya fi saurin shiga rai, Kufai ya fi wayo, na yarda. Amma a Ayari in muka yi zango tsohuwar nan sai ta tambaye ni ko na gaji. Na san rubutu ne wani Bature ya yi tun ina firamare. Duk da haka sai na amsa mata."

Har aka kira magariba suna tare. Da zai fita Maliki da hannunsa ya juya shi, ya gyara masa zani. Ikrima ya riƙo hannuna ya ce, "Baba Ya'u, ka ga Yaya yau? Ashe abin yana ransa, aiki ne ya yi masa yawa." Idonsa ya kawo ruwa. Ni ma na tafi gida da farin ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka aiko kirana. Na tarar da Baffa Ɗantsoho, ƙanin mahaifinsu, zaune a kan kujera a shagon. Inna tana tsugune a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Maliki yana tsaye.

"Baffa, ni ban so na yi magana ba," in ji Maliki, "amma in na yi shiru Allah zai tambaye ni. Na zauna na bincika da kaina, Baba Ya'u shaida ne. Yaron nan da bakinsa ya ce yana da boka, shi ke ba shi umarni. Ya ce suna da ɗakin bauta inda ake tayar da matacce. Ya ce akwai wata mace a ciki da ke masa magana yana amsa mata. Auta, na ƙara wani abu?"

Ikrima ya ce, "Yaya, ai wasa ne."

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, amma..."

"Inna lillahi," in ji Baffa. "Tayar da matacce? A garin da ake shari'a, a gidan ɗan'uwana? Wa ya kawo abin nan?"

"Sylvanus ne, mai kayan babur," in ji Maliki.

Baffa ya dubi Inna, ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Baffa, zane ne kawai," in ji Ikrima. "Ina salla, ina azumi, ka tambayi kowa. Ba na bauta wa komai."

"Kai da kake kwance tsakanin duniya da lahira, tasbihi ya kamace ka ko hira da aljana?"

Na sa baki. Na ce ni dai abin da na sani shi ne samarin da ke zuwa kallo su ne ke juya shi, kuma an ce in ba a juya shi ba jikinsa zai ɓare. Maliki ya juyo ya dube ni.

"Baba Ya'u, yana da ɗan'uwa a raye. Sai 'yan tasha ne za su yi masa jinya, a dinga zagina a gari? Kuma gidan nan da matar aure a ciki, ƙarti suna cika ƙofa tun safe."

Baffa ya yanke magana. A raba shi da kwamfuta, Maliki ya san yadda zai yi da ita. A rufe shagon. A mayar da mara lafiya cikin gida kusa da uwarsa, inda zai sami natsuwa. Da Maliki ya sunkuya zai ɗauka, Ikrima ya rungume ta da hannu biyu. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin da aka kai shi na ƙurya ne, inda a da ake ajiye tukwane. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, can sama, tana kallon lungun baya. Shagon kuwa ba a yi mako ba aka cika shi da buhunan gero na wani ɗan kasuwa.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san ma'anar wannan ƙaura. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Abokansa suka zo suka yi sallama, yaro ya fito ya ce mai gida ba ya nan, suka koma. Suka sake zuwa, suka sake komawa, daga nan suka daina. Sylvanus ya zo da lemo a leda, aka karɓi ledar aka ce an gode. Ya ce zai nemo masa ko rediyo ce, Maliki ya ce masa abin da ya kawo na farko ma ya isa. Ni kaina sai ranar Juma'a nake shiga, in Maliki yana nan ya yi min iso.

A cikin gidan nan kaf, mutum ɗaya ne ke da ƙarfin juya Ikrima kuma yake da halin taɓa shi. Kwanakin farko Maliki ya yi, da safe kafin ya fita. Daga baya ya koma leƙawa daga bakin ƙofa. "Auta, lafiya? Na makara, in na dawo." In ya dawo kuma bayansa ke ciwo, tsayuwar shago ba wasa ba ce.

Juma'ar farko na ga wani jan tabo a ƙugunsa, kamar faɗin tafin hannu. Na nuna wa Maliki, ya ce zafi ne, ɗakin ba iska, zai sayo hoda. Juma'a ta biyu wurin ya yi baƙi. Ta uku tun daga tsakar gida na ji wari. Ikrima ba ya jin ciwon, wannan ne mugun abin. Sai ya tambaye ni, "Baba Ya'u, yaya wurin yake?" in ce masa da sauƙi.

Inna ta gwada. Ta zura zani a ƙarƙashinsa ta ja da iya ƙarfinta, ƙafarta ta zame ta faɗi a kan turmi, ta kwana biyu ba ta miƙe ba. Zubaida takan tsaya a bakin ƙofa da kwanon tuwo tana hawaye. Matata ta ce min Zubaida ta roƙi mijinta ya bar ko mutum ɗaya cikin abokan ya dinga shigowa, ita za ta shige ɗaki ta rufe. Ya ce mata, "Wato ke ma kina marmarin ganin ƙarti?" Ba ta ƙara ba.

Ikrima bai zargi yayansa ba a lokacin. Ya ce min, "Tsoron Allah ne ya sa shi, bai gane ba ne. Laifina ne da na yi ta zuba ban tauna ba." Yakan ce da ya san haka, da Rami kawai ya nuna masa.

Wata rana da hantsi yara suka tsaya a lungun baya, daidai ƙarƙashin tagarsa, suna faɗa.

"Kai ne ka kashe Ɗan Acaɓa, banza!"

"Ƙarya kake, da ma jininsa saura kaɗan. Kuma ai na sayar da sulkensa na sayi wuta."

"Tsohuwar nan fa mai baka?"

"Ta gudu. Mun sare wani mai shago sai ta yi ta surutu da Turanci ta tafi. Gara ma, ba ta da amfani."

Ikrima ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga murya. "Kai, yara! A ina kuka ga Ɗan Acaɓa?"

Ɗaya ya ce, "A tasha, bayan shagon Oga Maliki. Biya ake yi." Suka ruga da gudu. Muryar da ta amsa ɗin, in ji Ikrima, ta ɗana ce, ɗan aji shida.

Da na ji, na biya wa Sylvanus muka tafi tare. A bayan shagon cajin an kewaye wani wuri da buhu, an sa benci. Ga kwamfutar a kan tebur, da salatif ɗinta, an ɗaura mata sarƙa. Yara sun fi goma suna jiran layi, wasu da rigar makaranta.

Maliki bai ko ji kunya ba. "Sannunku da zuwa. A ba su kujera."

"Maliki," in ji Sylvanus, "ni ba kai na ba wa ba. Na ba wa mara lafiya."

"Ka bayar, ta zama ta gidanmu. Ko kyauta ma da igiya kuke yin ta?"

Na ce, "Ba kai ka ce akwai boka a ciki ba? Ba kai ka ce ana tayar da matattu ba?"

"Baba Ya'u, ka gane mana. Yara wasa suke yi, ba su ma san me ake cewa ba. Shi kuwa yana jin Turancin, abin yana shiga zuciyarsa, har yana amsawa. Ga shi a bakin kabari. Ni ceton imaninsa na yi."

"Ranar da ka kawo balangu, da ka tambaye shi wanda yaro zai iya, imanin kake dubawa?"

Ya juya ya karɓi wayar wani ya sa a caji. "Tuwon da yake ci daga sama yake faɗowa? Da ta zauna a ɗaki a banza, ba gara ta ciyar da shi ba?"

Na je wurin Baffa Ɗantsoho. Ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce shi cewa ya yi a raba yaron da ita, kuma an raba. Abin da babba ya yi da kayan gidansu bayan haka, ba ya shiga. Na ce to a mayar da Ikrima shago. Ya ce an riga an ba wa mai gero wurin, ba a saɓa alkawari. Na ce yaron yana ruɓewa. Ya ce cuta da lafiya duk na Allah ne, in dinga sa shi a addu'a.

Inna kuwa riƙe bakin mayafinta ta yi ta ce, "Malam Ya'u, ka rufa min asiri. In Babba ya yi fushi ya ɗauke hannunsa, wa zai ba mu? Ɗaya ya riga ya kwanta, kada in rasa ɗayan."

Na faɗa wa Ikrima akwai alƙali a garin nan, ni da Sylvanus za mu tsaya masa. Ya dubi tagar.

"In kai ƙarar wanda in bai ɗauke ni ba ba zan je kotun ba? Bari, Baba Ya'u. Ni ba kwamfutar ce ke cina ba. Da ya ce min, Auta, ba ni in nemi abinci da ita, wallahi zan ba shi, har in koya wa yaran. Amma ya zauna a katifata. Ya yi dariya. Na ɗauka hira ya zo yi da ni."

Daga ranar ya rage cin abinci. Zazzaɓi ya fara zuwar masa da yamma. Ya daina tambayata yadda wurin yake.

Ana nan sai kasuwar Maliki ta fara ja da baya. Yaran sun gaji da Rami, sun koma Ayari gaba ɗaya, sun kai ayarin wani gari mai ganuwa sun maƙale. Ƙofar ta ƙi buɗuwa, mai gadin yana ta magana ba wanda ke ganewa. Maliki ya kira wani ɗan kwaleji ya karanta, ya ce wani abu ake nema amma bai san inda yake ba. Benci ya fara zama babu kowa.

Juma'ar nan tare da Maliki muka shiga. Maliki ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci.

"Auta, ya jiki? Wai ni kam, garin nan mai ganuwa, yaya ake shigarsa?"

Na zaci Ikrima zai zage shi, ko ya juya masa fuska. Bai yi ko ɗaya ba. Na matsa zan kama kafaɗarsa kamar yadda na saba, ya ɗaga min hannu.

"Bari, Baba Ya'u. Yaya, juya ni tukuna."

"Ai ga Baba Ya'u nan."

"Kai nake so."

Maliki ya sa hankicin a aljihu ya shigo. Ya kama kafaɗa da ƙugu ya mirgina shi, zanin ya manne, sai da ya ja. Abin da ke ƙarƙashi rami ne da dunƙulen hannu zai shiga, gefensa fari, tsakiyarsa ba na son in faɗa. Maliki ya tsaya yana kallo. Na ce a raina yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin.

Ya ja zanin ya rufe wurin.

"Za a nemo magani. To, ƙofar fa?"

"Akwai wani makaho a gindin rijiya, hagu da ganuwar. A ba shi ruwa. Zai ba da zobe."

"Sai a kai wa mai gadin?"

"A'a. Akwai abin da ake yi kafin nan."

"Mene ne?"

"Ka dawo da yamma. Ka taho da ruwan zafi da gishiri da auduga."

Maliki ya dube shi, ya dube ni. Da yamma ya dawo, da ruwan zafi.

Yanzu kullum yana shiga, safe da yamma, wani lokaci har da rana in yara sun maƙale. Ya juya shi, ya wanke gyambon, a faɗa masa mataki ɗaya, ya fita. Ya ma kawo wani mai kemis ya duba, don ranar da zazzaɓi ya rufe Ikrima bai iya magana ba, benci ya wuni babu kowa. Gyambon ya fara bushewa daga gefe. Mutanen unguwa suna yaba Maliki. A ƙofar masallaci na ji Baffa Ɗantsoho yana cewa samarin yanzu su yi koyi da shi wajen riƙon zumunci.

Ni abin da ke hana ni sukuni shi ne, an yi wannan duka ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya daki wani. An ambaci Allah a kowane mataki. Aka ɗauki tsarin da iyayenmu suka yi don kare mutuncin gida, aka kulle mara lafiya da shi. Kuma 'ya'yanmu suna kallo. Na hana nawa zuwa tasha, amma ya riga ya san kwamfutar waye, ya san inda mai ita yake kwance, ya kuma ji wanda ake yabo a ƙofar masallaci. Ban san me zan ce masa ya yarda ba. Ina kallonsa da ƙaninsa suna cin tuwo a kwano ɗaya, sai in tuna Maliki da Ikrima.

Juma'ar da ta wuce, bayan Maliki ya fita, na ce wa Ikrima ko ba komai jiki ya yi kyau. Ya yi murmushin da ban so ba.

"Baba Ya'u, ni ma fa ban gama wasan ba. Ranar da aka karɓe ta, ayarina yana wani gari a bakin kogi. Ban san abin da ke ƙetare ba."

"To in sun isa can fa?"

"Ina jan su ta doguwar hanya. Duk wani lungu da na sani sai na aika su. Amma lungunan sun kusa ƙarewa."

Jiya da la'asar ina alwala a tsakar gida, na ji yara sun wuce ta lungun baya da gudu, suna ihun sun hango kogi.